Motar da Yaya Injiniya Ya Haɗa a Falo

Duk wanda ya taɓa cin tuwon Juma'a a gidan Injiniya Lawal da ke Thumama ya san maganar nan tasa, kuma na tabbata har yau tana yi masa yawo a kunne: “Ba ta mutu ba, hutawa take yi.” Fanka ta tsaya, hutawa take yi. Waya ta faɗa ruwa, hutawa take yi. Akwai wata rediyo da ya taho da ita tun daga Funtuwa, rabonta da magana tun ina sakandare, amma ranar da Yaya Hajara ta ɗauke ta za ta jefa a shara sai da ya biyo ta har bakin get ba takalmi. Babban injiniya a kamfanin gas fa, wanda ake miƙe masa idan ya shiga ofis, ga shi nan yana kokawar ƙwatar rediyo da matarsa a gaban maƙwabta!

Ni ce Asma'u, ƙanwar matar tasa. Aikin likita ya kawo ni Doha, kuma wasan nan da ke tsakanin miji da ƙanwar mata mun yi shi har ya wuce misali. Shi yana ce mini Dakta Tsiwa. Ni kuma Yaya Injiniya nake ce masa a gaban mutane, idan mu kaɗai ne kuwa Baban Bola. Saboda haka duk abin da zan faɗa yau na riga na faɗa masa a gaban idonsa, har da ƙari.

Shekarar da na zo ƙasar nan, ana dab da babbar sallah, ya shirya ya ce zai tafi wata gona can wajen Shahaniya ya zaɓo ragon layya. Ya tafi da abokinsa Malam Iddirisu, mutumin Zangon Kumasi, mai ɗinkin kujerun mota a Sana'iyya, unguwar masana'antu. Mu kuwa muna gida ni da Yaya, mun daka yaji, mun fito da manyan tukwane. Can da la'asar muka ji ƙarar babbar mota a ƙofar gida. Muka leƙa. Irin motar nan ce mai jan motocin da suka lalace, a bayanta kuma an ɗaure wani abu da igiya. Na dube shi sama da ƙasa ban gane ba. Tsatsa ce, da kashin awaki, da wasu ƙafafu masu wayoyi irin na keke, biyu ma babu taya.

Yaya ta ce, “Injiniya, mene ne wannan?”

“Mota ce, Hajiya.”

“To ina ragon?”

Ya juya ya dubi Iddirisu, Iddirisu ya dubi ƙasa. Sai ya dafe kai da hannu biyu.

“La ilaha illallahu! Rago!”

Wallahi mantawa ya yi. Ya je har gonar, ya bi ta bayan garke, ya hango wannan gawa a ƙarƙashin wata rumfa, shi ke nan maganar rago ta fita daga kansa. Muna tsaye baki buɗe sai ga wata kaza ta yi tsalle ta fito daga ƙarƙashin sitiyari, tun daga Shahaniya take ciki. Yaya ta bi ta da kallo, ta ce, “To, ga layyarmu nan ta iso.”

Na ce, “Yaya Injiniya, wannan kam ta mutu. Ni likita ce, na san gawa idan na gan ta.”

Kun san amsar da ya ba ni, ba sai na maimaita ba.

Da yammar nan ya zaunar da mu dole ya ba mu tarihinta, yadda mai gonar ya ba shi. Motar tsere ce ta Ingila, mai kujera biyu, ba rufi. Wani ɗan ƙaramin kamfani ne ya ƙera ta da hannu bayan yaƙin duniya na biyu. 'Yan kaɗan suka yi, kamfanin ya rufe, masu shi suka mutu. Wani Bature daga cikin waɗanda suka fara haƙar mai a Dukhan ya taho da ita a jirgin ruwa, lokacin da titin kwalta a ƙasar nan bai taka kara ya karya ba. Da zai koma gida ya sayar wa wani attajiri, attajirin ya more ta har kayan gyara suka ƙare, aka tura ta gona awaki suka gaje ta. Sitiyarinta ma a dama yake, irin na motocinmu kafin a canja hannu.

Duk wannan bai girgiza mu ba. Sai ya tashi ya ɗaga wani ɓallen gwangwani a jikinta, ya ƙwanƙwasa abin da ke ƙasa da yatsa.

“Kun ji? Katako ne! Ƙashin bodinta duk katako ne, alminiyom aka lulluɓa a kai.”

Nan na ga Yaya ta saki jiki ta zauna, don ta gane an gama da ita. Mahaifin Yaya Injiniya kafinta ne a Funtuwa, kuma ba kafintan gado da kujera ba, mai yi wa manyan motoci bodin katako. A cikin garin katako ya yi rarrafe. Ba a nan kaɗai abin ya tsaya ba. Ranar bikinsu motar da aka aro don ɗaukar amarya ta mutu a hanya, sai a bayan wata sabuwar lori da surukinta ya gama bugawa aka kai Yaya ɗakinta. Ina ƙarama amma na tuna, da tsani aka hau da ita, tana kuka tana atishawa saboda garin katako. Ya yi mata alkawari tun lokacin cewa wata rana da hannunsa zai tuƙa ta a motar da ba wanda ya taɓa ganin irinta a Funtuwa. Ita kuma ta riƙe wannan magana ta mayar da ita abin yi masa gori duk ranar da ya ɓata mata rai.

Ya nuna tarin tsatsar nan ya ce, “Hajiya, ga alkawarinki.”

Yayata, masha Allah, Allah ya yi mata jiki, ga kuma ciwon gwiwa. Ta dubi ɗan ramin da ake kira kujera, ta ce, “Ko ƙafata ɗaya ba za ta shiga nan ba.”

Na ɗauka a gareji zai ajiye ta kamar kowane mai hankali. Ina! Ya ce zafin Doha yana tsaga katako, dole ta zauna inda akwai esi. Kuma babu ɗakin da ya dace sai babban falon baƙi, mai ƙofa biyu a haɗe, wanda Larabawa ke kira majalisa. Ya samo awon motar na asali, ya je ya auna ƙofar da hannunsa, ɗani bayan ɗani, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, yadda babansa ke yi. Ya ce idan an gama za ta fita har da rarar yatsa biyu kowane gefe. Aka kwance ta gunduwa-gunduwa aka shige da ita. Yaya na dawowa daga unguwa ta tarar an naɗe kafet ɗinta, inji yana zaune a inda teburin shayi yake.

Ba ta yi ihu ba. Cewa ta yi, “Wallahi tallahi ba zan sa ƙafata cikin wannan abu ba sai ranar da ya fita daga falona.” Ta sa aka ja mata kujerarta guda ɗaya zuwa lungu, wata tsohuwar kujera ruwan ƙasa da ta lotsa daidai jikinta, ta ce ita a nan za ta zauna ta ga ƙarshen hauka.

Ku da kuke zuwa tuwon Juma'a kun fi ni sanin abin da ya biyo baya. Aka fito da mu tsakar gida ƙarƙashin rumfa. Likitoci, malaman jami'a, injiniyoyi, kowa da babbar riga, muna haɗiyar tuwo muna sharce gumi, ga fanka ɗaya a tsaye, ita ma hutawa take yi. Ta taga kana hango mota tana shan sanyi ita kaɗai. Wata rana a tsakiyar watan Yuli wani farfesa ya kasa daurewa ya ce, “Haba Injiniya, mu 'yan Adam muna waje, katako yana cikin esi?”

Ya ce, “Farfesa, kai Allah ya ba ka gumi. Shi katako wa ya ba shi?”

Da ya zo kan sassan da suka ruɓe, aka ce masa sai an yi odar katakon wata bishiya ta can ƙasar Turawa. Ya ce shi bai san ta ba, bai san halinta ba, maɗaci ya sani. To a ina za a samu maɗaci a Doha? Sai ya mayar da duk mai zuwa hutu gida ɗan dako. Ni ma ban tsira ba. Zan dawo daga hutu ƙaninsa ya zo har gida ya ce Injiniya ya ba da ɗan saƙo, shi zai shirya mini a akwati don kar in wahala. Na yi godiya. Da na sauka a filin jirgi aka ce in buɗe. Na buɗe. Babu kukata, babu daddawata, babu kilishin da na sayo, duk an kwashe don nauyi. Guntayen katako ne jajaye an jera su reras, an naɗe su da zannuwana.

Jami'in ya ɗaga ɗaya ya juya shi, ya ce, “Shu hada?” Wato mene ne wannan.

Me zan ce? Na ce, “Mota ce.”

Ya dubi katakon, ya dube ni, ya dubi katin aikina da ke cewa ni likita ce. Ya rufe akwatin a hankali ya ce, “Yalla, wuce, Allah ya ba da lafiya.”

Na wuce Thumama kai tsaye ina huci. Ko sannu da zuwa bai yi mini ba. Ya ɗauki katako ya shinshina, ya ce, “Dakta Tsiwa, wannan ya bushe da kyau. Kuka kuwa ai ana samunta a kasuwar Souq Waqif.”

Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru. Kayan inji suna zuwa daga Ingila ɗaya-ɗaya, yau kafireto, bayan wata biyu fistin. Fatar kujeru da katakon gaban direba kuwa man kaɗe yake shafa musu, wanda Iddirisu ke sa a kawo daga Gana, har falon ya koma warin ɗakin mai jego. Bodin ya kai wa masu bugun gwangwani a Sana'iyya, ya tsaya a kansu har suka yi masa yadda yake so, aka fesa masa kore shar, aka shigo da shi a karkace kamar katifa. Shi da kansa ya zauna ya buga shi a jikin katako da 'yan ƙananan ƙusoshi, kowace ƙusa da bismillarta. Idan ka tsaya ta baya za ka ga motar ta ɗan kumbura ta hagu, amma muka ce ai aikin hannu ne.

A cikin wannan tsakani ne kujerar Yaya ta ɓace. Ta tashi da safe ta tarar da lungu wayam.

“Injiniya, ina kujerata?”

“An kwantar da ita a asibiti.”

“Me ya same ta?”

“Ba a gama bincike ba.”

Sai da ta yi kusan mako tana zama a kujerar roba tana yi masa Allah ya isa ƙasa-ƙasa. Kujera ta dawo yadda ta tafi, ko zare ba a ƙara mata ba. Yaya ta ce mini, “Ma'u, ki duba mini mutumin nan a asibitinku, ina jin abin ya fara taɓa kai.” Ni ma a lokacin na fara tunanin hakan da gaske.

Ranar da inji ya tashi kuwa, a cikin falon ya tashi. Ya zura tiyo daga salansa zuwa taga, ya murɗa makulli, ta yi tari, ta yi tari, sai ta saki wani irin ruri da ya sa kofunan Yaya rawa a kabad. Maƙwabta suka fito da gudu. Shi kuwa yana zaune a ciki hawaye na zuba, yana nuna ni da yatsa yana cewa, “Likita! Zo ki ga gawarki!”

Labari ya kai kunnen wani dattijon Bature da ke cikin masu sha'awar tsofaffin motoci a garin nan. Ya roƙi a bar shi ya zo ya gani, ya ce shi a hoto kawai ya taɓa ganin irinta. Ina nan ranar. Ya shigo ya tsaya cak, ya cire tabarau ya goge, ya zagaya ta yana shafa ta da bayan hannu. Sai ya ɗan ja baya ya karkata kai. Ya zaro tef daga aljihu ya auna faɗinta. Ya sake aunawa. Kunnuwansa suka yi jajir.

Ya ce, “Wa ya ƙara mata faɗi?”

Yaya Injiniya ya ce, “Ni.”

“Kai? Da gangan?”

“Babana bai taɓa yi wa lori bodi daidai awon kamfani ba. Ɗani ɗaya ake ƙarawa. Haka ake yi a gidanmu.”

“Don me?”

“Saboda buhu.”

“Wane buhu? Motar tsere ce wannan! A duniya ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ka ɗauki guda ka faɗaɗa ta saboda buhu?”

“Ai ba a sanin ranar da buhu zai zo.”

Baturen ya leƙa ƙarƙashin kujera ya hango jan katako, ya tambayi mene ne. Aka ce masa maɗaci ne daga Funtuwa. Ya shinshina fata ya tambaya, aka ce man kaɗe. Sai ya nemi wuri ya zauna a ƙasa ya ce a taimake shi da ruwa. Sai da na kama hannunsa na duba bugun jininsa.

Bayan ya tafi muna ta dariya, ni kuma bakina da ba ya shiru na ce, “To Baban Bola, ka ƙara wa mota ɗani ɗaya. Ita ƙofar ka ƙara mata?”

Da wasa na faɗa, Allah ya sani. Amma na ga dariyar ta ɗauke daga fuskarsa ɗif. Ya tashi a hankali ya je gaban mota ya auna da hannu. Ya je bakin ƙofa ya auna. Ya dawo ya sake. Yaya ta sa hannu ta rufe baki.

Can ya ce, “Ƙofar ce ta tsuke. Zafi ne.”

Na ce, “Yaya, kai ne fa injiniya. Ai zafi buɗa abu yake yi.”

“A Doha komai a juye yake.”

Washegari aka tara mutane aka gwada turawa. Hancinta ya fita, fitilu suka fita, kafaɗunta suka tokare. Iddirisu ya zagaya ya leƙa ta nan ya leƙa ta can, ya ce da Hausarsa ta Kumasi, “Masa,” wato maigida, “motan nan ya yi ƙiba. Ba zai fita ba kwaraa.” Aka ce a cire bodin a fitar da shi daban. Ya ce ƙusoshin sun riga sun kama busasshen katako, idan aka zare su tsagewa zai yi, sai a koma farko. Lokacin komawa farko kuwa babu shi, don an riga an gaya masa ƙarshen shekara zai yi ritaya, kuma kun san ƙa'idar ƙasar nan, aiki ya ƙare, kafil, wato wanda ya tsaya maka a ƙasar, ya sallame ka, sai ka miƙa makullin gida ka hau jirgi.

Saura hanya ɗaya, a fasa gefen ƙofa. To gidan na wani dattijon Balarabe ne, Abu Jasim, wanda duk tsawon shekarun nan Yaya Injiniya bai taɓa barinsa ya wuce get ba. Da ya ji ƙarar motarsa zai fita da gudu da butar shayi da kujeru biyu, ya tare shi a waje, wai iskar ƙofar gida ta fi daɗi. Yanzu da wane baki zai ce masa akwai mota a majalisarsa, kuma a ba shi izinin rusa bango? Gidan mutum amana ne, in ji shi, ba zai taɓa ko bulo ɗaya a ɓoye ba. Kullum sai ya ce gobe zai yi masa magana. Abu Jasim zai zo, a sha shayi, a yi hirar raƙuma, ya tafi.

Mu muna ta tsokanarsa, ba mu san abin yana cinsa ba. Wata rana na biyo daga aiki na same shi zaune a kujerar direba, hannu biyu a kan sitiyari, yana kallon ƙofa. Na buɗe baki zan fara, sai ya riga ni.

“Ma'u, na yi wa yayarki alkawari fa.”

Tunda nake da shi ban taɓa jin ya kira sunana ba sai ranar. Na haɗiye tsiwata na ce in sha Allahu za a san yadda za a yi. Ya ce, “Gobe zan yi masa magana.”

Bai kai ƙarshen shekarar ba. Wata Talata da hantsi ya faɗi a ofis, zuciya ce. Kafin in isa inda aka kai shi an riga an rufe masa fuska. Ni aka bar wa aikin gaya wa Yaya. Na same ta a baranda tana riƙe da hularsa. Na faɗa mata. Ta dube ni ta ce, “Kin duba da kyau kuwa, Ma'u? Ko dai hutawa yake yi?” Na sha gaya wa mutane mutuwa a aikina, amma ranar sai na rungume ta kawai.

A nan Doha aka yi masa sutura. Zaman makoki kuma dole a falon nan aka yi shi, don babu wani wurin. Mata suka zagaye mota suka zauna. Baƙuwar da ba ta san gidan ba za ta shigo da kukanta, ta ɗaga kai ta yi ido huɗu da fitilun mota, kukan ya tsaya mata a wuya. Wata ma sai da ta koma waje ta duba ko gidan ne.

Ana cikin haka aka ce Abu Jasim ya zo ta'aziyya, kuma yana so ya yi wa Hajiya gaisuwa daga bakin ƙofa. Wannan karon babu mai tare shi da shayi. Ya tako da sandarsa har bakin falo, ya yi sallama, ya ɗaga kai. Sandar ta faɗi.

“Ya Allah! Sayyara? A majalisa?” Sayyara ita ce mota a Larabci.

Ya dubi rufin ɗaki, kamar mai neman ta inda aka zuro ta. Ni aka turo in yi bayani. Da guntun Larabcina da Turanci na ba shi labari tun daga rago har zuwa ɗani ɗaya, har da alkawarin lori. Yana saurara kafaɗunsa suka fara rawa. Ya toshe baki da rawaninsa, ya yi dariya har da hawaye, a gidan mutuwa, yana ta astagfirullah. Sai kuma ya ɓata rai.

Ya ce, “Shekara da shekaru yana shayar da ni shayi a rana! Me ya hana shi tambayata? Bulo ne fa. Bulo!” Ya ɗauki sandarsa ya buga gefen ƙofar. “Khalas, shi ke nan. Ta zauna ta gama iddarta a gidan nan. Ranar da ta fita, a fasa.”

Wannan magana ta fi komai yi mini ciwo. Ashe abin da ya hana mutumin nan barci bai wuce jimla ɗaya ba.

Yaya ta yi takabarta a lungun nan, a kan kujerarta. Kullum da safe sai ta ɗauki tsumma ta goge motar tas. Na ce mata ina rantsuwa? Ta ce ita shiga ta rantse ba za ta yi ba, ba ta ce komai a kan gugewa ba.

Da ta fita takaba Abu Jasim ya turo magina suka fasa gefen ƙofar, suka shimfiɗa katakai a kan matakala. Muka zaɓi safiyar Juma'a, lokacin da titi ba kowa, don motar ba ta da lamba, iyakarmu cikin unguwa. Iddirisu da mutanen tuwon Juma'a suka turo ta, farfesan nan ma har da naɗe hannun riga. Ta gangaro tsakar gida, rana ta haske koren nan, kowa ya yi kabbara. Ni aka ce in tuƙa, don ni kaɗai na tuna yadda ake sa giya da hannu. Na cusa kaina a kujerar direba da ƙyar, gwiwata na gugar sitiyari, don Yaya Injiniya siriri ne kamar sanda.

Yaya ta fito da sabon lulluɓi. Ta tsaya a gefen hagu tana kallon ƙofar motar, ta ce, “Ni fa kar ku tara mini jama'a in maƙale.” Iddirisu ya buɗe mata. Ta dafa, ta juya, ta zauna. Ta shige tsaf. Ta miƙe ƙafar nan mai ciwo, ta miƙu har ƙarshe. Ta jingina. Sai na ga tana shafa gefen kujerar, ta ɗan motsa ta sake jingina.

“Ma'u,” ta ce, “wannan ai kujerata ce.”

Iddirisu ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Hajiya, shi ya kawo min kujeranki shago, ya ce in auna komi, har wurin da ya lotsa. Ya ce kar in faɗa. Ɗanin nan duka wajenki ya sa shi. Wajen shi bai ƙara komi ba kwaraa.”

Yaya ta yi wata irin dariya da hawaye a cikinta, ta ce, “Ashe ni ce buhun.”

Na murɗa makulli ta tashi. Muka fita get, muka bi layi a hankali, iska tana kaɗa mata lulluɓi, Abu Jasim na biye da mu a baya da motarsa yana danna oda. Muka kai wajen da ake ginin wani babban filin ƙwallo, leburorin da ke hutun Juma'a suka taso suna ɗaga mana hannu. A daidai nan ta yi tari sau biyu ta tsaya. Na murɗa, shiru. Na sake, shiru. Maganar nan tasa ta zo mini har bakin leɓe, na cije ta. Na ce bari in kira su Iddirisu su turo mu gida.

Yaya ta riƙe hannuna. Ta ce, “Bar ta tukuna. Ban gaji da zama ba.”

Muka zauna a gefen titi, ni da ita, har rana ta fara zafi.

Motar tana Funtuwa yanzu, a rumfa, ba a falo ba. Rediyon ma tana can, Yaya ta hana a taɓa ta.

Allah ya jiƙan Yaya Injiniya, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ya huta. Yadda ya yi wa yayata yalwa a inda babu wuri, ya Allah ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa shi. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.